Wanda ya ce a sauko da wanda ya ƙi saukowa: muhawara kan Mariusz Zaruski da duwatsun Tatra

Dalibi_a_Krakow:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya muka samu hutu, ni da abokan karatu biyu muka shiga bas daga Krakow zuwa Zakopane, wani gari da ke gindin duwatsun Tatra a kudancin Foland, tafiyar kamar kilomita 100. Muna kan hanyar zuwa tafkin Morskie Oko sai muka ci karo da wasu mutum huɗu sanye da jajayen riguna masu alamar shuɗin kuros, suna saukowa da wata mata a kan wani abu kamar makara mai santsi. An naɗe ta ruf, idonta kawai ake gani. Ƙafa ta karye. Ba hayaniya, ba gudu, ɗaya yana gaba yana ja, biyu suna riƙe da igiya ta baya, na huɗun yana tafe kusa da kanta yana yi mata magana a hankali.

Da dare na tambayi tsohuwar da muka sauka a gidanta. Ta ce su ne TOPR, masu ceton mutane a dutse, kuma wanda ya kafa su a 1909 sunansa Mariusz Zaruski, ana faɗinsa Mariyush Zaruski. Sai ta ba ni labarin da har yanzu yake cin raina. A watan Agusta na 1910 wasu samari biyu suna hawan wani bangon dutse da ake kira Mały Jaworowy, suka faɗo. Ɗayan, Stanisław Szulakiewicz, ya ji mummunan rauni ya maƙale a jikin dutsen. Abokinsa ya lallaɓo ya sauko ya kawo labari. Zaruski ya tara mutanensa suka tafi. Suna cikin hawa hadari ya ɓarke, ruwa da ƙanƙara da tsawa, sanyi ya kama hannun kowa. Zaruski ya ba da umarni a sauko. Mataimakinsa, wani dattijo ɗan jagora mai suna Klimek Bachleda, yana dab da shekara sittin, ya ci gaba da hawa shi kaɗai. Ya faɗo ya mutu ranar 6 ga Agusta. Saurayin ma da aka kai gare shi bayan kwana biyu ya riga ya cika.

Tambayata ita ce: wa ke da gaskiya? Shugaban da ya ce a sauko alhali akwai mai rai a sama, ko dattijon da ya ƙi juyowa?

Tsohon_Soja_77:
Wa alaikumus salam. Yarona, ba na ko tantama, shugaban ke da gaskiya. Na yi shekara 28 cikin kaki, na san nauyin da ke kan wanda aka ɗora wa rayukan mutane. In ka tafi da mutum goma ka ceto ɗaya, lissafinka na farko shi ne ka dawo da goman nan gida. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Da ya bar su suka ci gaba, da gawa biyar ko shida aka kwaso.

UmmuHanifa:
Baba Soja, da girmanka, amma lissafi daban, kunne daban. In kana jiyo muryar ɗan mutum yana kira daga sama, ƙafarka ba za ta yarda ta juya ba.

Dan_Gwammaja:
Ni kam tun daga tushe nake da ja. Me ya kai su? Dutse ba gona ba, ba kasuwa ba, ba hanyar wani gari ba. Ka bar iyayenka ka je ka liƙe a bango don a ce kai ne ka fara hawa, sannan tsohon mutane ya mutu a kanka. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu.

Malam_Na_Tudu:
Dan Gwammaja, ayar da ka kawo gaskiya ce, amma ka kula da wanda kake ɗora wa ita. Saurayin da ya hau don sha'awa, a nan akwai magana. Wanda ya hau don ya ceto shi kuwa yana ƙarƙashin wata ayar, wadda ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Abin da malamai ke dubawa shi ne rinjayen zato: in ka san kana da iko da gwaninta, ceton wanda ke halaka wajibi ne a kanka, in kuwa ka tabbata kai ma tafiya za ka yi ba tare da ka amfane shi ba, an ɗauke maka. Wahalar ita ce a jikin dutse cikin tsawa wa zai auna wannan zaton? Kowannensu ya auna nasa, awon ya bambanta.

Hajiya_Bilki_Zinder:
Don Allah kafin ku yi nisa, ku fahimtar da mu. Shi wannan Zaruski ɗin wane ne? Ɗan garin ne shi ma?

Mai_Tarihi:
Hajiya, ba ɗan garin ba ne, kuma abin da ya sa rayuwarsa ke ba ni mamaki ke nan. An haife shi a 1867 a yankin Podoliya, wanda yau yake cikin Yukren, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, nesa da Tatra. A lokacin ma babu ƙasar Foland a taswira, tun 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka raba ta a tsakaninsu, sai a 1918 ta dawo. Shi a ɓangaren Rasha ya tashi. Ya yi karatun lissafi da kimiyyar fiziks a jami'ar Odesa, kuma tun yana ɗalibi yake shiga jiragen ruwa yana aikin ƙarfi. A 1894 hukumar sarkin Rasha ta kama shi saboda harkar 'yan kishin Foland, ta tura shi zaman dole a Arkhangelsk, can arewa mai nisa a bakin Farin Teku. Maimakon ya zauna yana ƙirga kwanaki, ya yi jarrabawar tuƙin jirgi, ya riƙa kai katako Norwe ta cikin ruwan da ƙanƙara ke yawo a kai, har ya zama kyaftin.

Da wa'adinsa ya cika ya yi aure, ya koma Krakow ya shiga makarantar zane-zane. A 1904 ya tare a Zakopane, saboda lafiyar matarsa, don garin ya yi suna wajen jinyar masu ciwon ƙirji. Wato yana da shekara 37 ya zauna a gindin dutse. Cikin 'yan shekaru ya zama ɗaya daga cikin jagororin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a ƙasar: ya kafa ƙungiyar masu wasan a Zakopane a 1907, ya koyar, ya rubuta littafin koyo, yana cikin waɗanda suka fara hawa ƙololuwar Kozi Wierch da hunturu, kuma a 1911 ya sauko daga Kościelec, mai tsayin mita 2155, a kan katakon zamiya.

Hajiya_Bilki_Zinder:
Ikon Allah. Mutum ɗaya? Na gode Malam.

Sadiq_Kwamfuta:
Wai zamiyar nan ita ce wadda muke gani a talabijin, suna juyi da takalmi mai wuƙa a ƙasa?

Dalibi_a_Krakow:
A'a Sadiq, waccan a kan daskararren ruwa ake yi, a fili. Wannan katako biyu ne dogaye, kowanne ya kai tsayin mutum ko ya fi, a ɗaure a takalmi, ana sulalowa da su daga gangare a kan dusa mai laushi. Na gwada a filin 'yan koyo. Dusar in ka taka ta da takalmi kawai, nutsewa kake yi har gwiwa, wani wurin har ƙugu, taku ashirin ka gaji liƙis. Katakon ne ke raba nauyinka ya bar ka a sama. A zamaninsu babu injin da ke jan mutum zuwa sama kamar yanzu, da ƙafa suke hawa. Sukan ɗaura fatar wata dabbar teku a ƙarƙashin katakon, mai gashi kwance gefe ɗaya, tana sulɓi in za ka gaba, tana cijewa in za ka zame baya. Na ga tsofaffin hotuna, da yawansu sanda ɗaya ce doguwa a hannu, kamar ta tuƙa kwalekwale.

Dan_Gwammaja:
To ka ji. Duk wannan wahala don wasa.

Mai_Tarihi:
Dan Gwammaja, wasan ne ya haifi ceton, shi ya sa ba a raba su. Kafin katakon zamiya, da hunturu duwatsun kusan a rufe suke, ba kasafai ake shiga ba. Da mutane suka fara shiga, sai dusa ta fara binne su. Ranar 8 ga Fabrairu 1909 wani mashahurin mai tsara kiɗa, Mieczysław Karłowicz, ɗan shekara 32, ya fita shi kaɗai a kan katako, dusa ta zaftaro a gindin Mały Kościelec ta rufe shi. Abokin Zaruski ne, kuma tare suke ta faɗi-tashin a kafa ƙungiyar ceto. Zaruski ne ya jagoranci neman, suka tono gawarsa. Mutuwar tasa ta girgiza mutane, kuɗi da goyon baya suka samu, ranar 29 ga Oktoba 1909 hukumar Ostiriya ta yi wa ƙungiyar rajista. Mutum goma sha ɗaya suka fara, yawancinsu 'yan jagora ne daga mutanen dutsen da ake kira Gorale. Kowa ya sa hannunsa cikin na shugaba ya yi alkawarin duk lokacin da aka kira shi, dare ko rana, ko yaya sama take, zai fito. Har yau da wannan alkawarin ake shiga ƙungiyar.

Ku lura da kwanakin: abin da ɗalibinmu ya ba da labari ya faru ƙungiyar ba ta ko cika shekara ɗaya ba.

Tsohon_Soja_77:
Madalla. Kuma na tabbata cikin alkawarin akwai biyayya ga shugaba. Ba a yin irin wannan aiki kowa da ra'ayinsa.

Mai_Tarihi:
Akwai, Baba. Sun yi alkawarin bin umarnin shugaba ko mataimakinsa. Sai dai ka tuna Klimek ɗin shi ne mataimakin.

BaZazzagiya:
Ban yi niyyar magana ba, amma abin ya taɓo ni inda ke ciwo. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a ƙauyenmu, guga ta faɗa tsohuwar rijiya, wani yaro maƙwabcinmu ya shiga ɗaukowa. Muka ji shiru. Yayana yana cin tuwo a zaure, ya ajiye kwanon, ko hannu bai wanke ba. Kawunmu ya riƙe masa riga yana cewa ka tsaya a kawo igiya, ka tsaya, iskar ciki ba ta da kyau. Yaya ya fizge, rigar ta yage a hannun kawu. Ya kai rabi muka ji ya kira sunan yaron sau ɗaya. Shi ke nan. Mutum na uku ya yunƙura zai bi, kawu ya kwanta a bakin rijiyar ya ce sai dai a taka shi. Aka zage shi ranar, har da masu cewa ba shi da imani. Bayan la'asar aka fito da su biyun da ƙugiya.

Kawu ya rayu shekara shida bayan nan, kuma guntun rigar nan yana cikin akwatinsa har ya rasu. Ya ceci mutum na uku, kowa ya sani, amma ban taɓa jin wani ya yi masa godiya ba. Yaya kuwa har yau in an ambace shi sai a ce namiji. Ni ina son su duka biyun, kuma ba na iya cewa ga wanda ya yi daidai.

UmmuHanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansu, 'yar'uwa, Ya sa sun huta. Na janye rabin maganata ta ɗazu.

Malam_Na_Tudu:
Allah Ya gafarta musu, Ya ba ku haƙuri. Kawunku ya yi abin da ya fi wuya.

Masunci_Yauri:
Allah Ya jiƙan Yaya. Mu a ruwa haka muka gada: wanda ke nutsewa ba a tunkararsa ta gaba, zai rungume ka ku tafi tare. Ta baya ake zuwa, ko a miƙa masa gora. Amma zan faɗi wani abu game da dattijon nan. In gwani ya tsufa a kan sana'a, akwai abin da yake gani wanda shugaba ba ya gani. Mahaifina ya sha shiga ruwan da kowa ya ce kar ya shiga, ya fito da mutum. Da ya bi ta tasu da an yi asara. Wataƙila Klimek ya ga hanya, ƙafa ce kawai ta ci amanarsa.

Mai_Tarihi:
Wannan magana tana da ƙarfi. Klimek ba baƙon dutse ba ne. Maraya ne da ya tashi da kiwo, ya yi kafinta, sannan ya zama ɗan jagoran da babu kamarsa a zamaninsa. Shi ya buɗe hanyoyi da dama da ba a taɓa bi ba, yana cikin ayarin da ya fara hawa Gerlach da hunturu a 1905, wato ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Tatra, mita 2655. Shi ne kuma na farko cikin Gorale da ya koyi zamiya, yana da shekara hamsin da wani abu. Zaruski shekara shida kacal ya yi a garin, Klimek ya yi fiye da talatin yana jagora. In ana maganar sanin dutse, ɗalibi ne yake ba malaminsa umarni.

Dalibi_a_Krakow:
Tsohuwar ta gaya mini wani abu da na manta ban rubuta ba. Kalmar da Zaruski ya ƙwala wa Klimek, wadda har yau ake maimaitawa, ita ce "Klimku, wracajcie". Na tambayi malamarmu ta harshe, ta ce jam'i ne na girmamawa, kamar yadda za mu ce wa dattijo "Baba, ku dawo". Wato ko a cikin tsawa bai ce masa "ka dawo" ba. Kuma ba wanda ya san ko ya ji kiran ya ƙi, ko iska ce ta tafi da muryar. Gawarsa sai bayan kamar mako guda aka gano ta.

Tsohon_Soja_77:
To in bai ji ba, babu saɓa umarni, ƙaddara ce. In ya ji ya ƙi, ina girmama zuciyarsa amma ba zan koya wa ƙananan yara su yi koyi da shi ba. Ku duba abin da ya biyo baya: mutanen da suka gaji, maimakon su nemi mutum ɗaya, sai suka koma neman biyu, kwana da kwanaki a jikin dutse mai santsi. Jarumtar mutum ɗaya wasu ke biyan kuɗinta.

Dan_Agadas:
Gyara kaɗan, don na duba taswira. Dutsen da abin ya faru yau yana cikin Sulobakiya ne, ba Foland ba. Tatra iyaka ce tsakanin ƙasashen biyu, kuma kaso mafi girma na Sulobakiya ne, har da Gerlach ɗin. Mafi tsayi a ɓangaren Foland shi ne Rysy, mita 2499. Na yi mamaki da na ga alƙaluman, don Bagzan namu na Ayar ya haura mita 2000, Chappal Waddi na Taraba kuma 2419. Ashe tsayin ba wani na a zo a gani ba ne.

Dalibi_a_Krakow:
Gaskiyarka kan iyakar, a lokacin duka ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari suke, wancan gefen na Hungari. Amma kan tsayi, Yaya, gani ya kori ji. Ba tsayin ke kisa ba, tsayuwar dutsen da saurin juyawar sama ne. Da safe rana tas, kafin azahar hazo ya rufe ka ba ka ganin tafin hannunka. A watan Agusta na 2019 tsawa ta faɗa kan Giewont, dutsen da ke kallon garin, wanda ke da kuros na ƙarfe a kansa da sarƙoƙin da ake kamawa a hau, mutum huɗu suka mutu, fiye da ɗari suka ji rauni. Giewont bai ma kai mita 1900 ba.

Likita_Maryam:
Sunan Odesa da aka ambata ya dawo mini da abubuwa. A Yukren na yi karatu, kuma ta iyakar Foland muka fito a 2022, da ƙafa, cikin sanyin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Dare ɗaya a waje da riga uku da bargo, yatsuna suka daina jin komai, na kasa zuge jakata. Don haka in an ce mutum ya kwana biyu a jikin dutse da rauni, jiƙe sharkaf, na san abin da ake nufi. A likitance jiƙaƙƙen tufafi da iska suna zuƙe zafin jiki da sauri ko da a watan Agusta ne. Kuma sanyi in ya kama mutum hankalinsa yake fara taɓawa, ya ga kamar yana lafiya alhali hannunsa ya daina riƙo. Masu ceton ma suna cikin wannan halin. Shi ya sa ake son mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya ce ya isa.

Malam Mai Tarihi, yaya ƙarshen shi Zaruski?

Mai_Tarihi:
Likita, ƙarshensa a ƙasar da kika yi karatu ne. Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, yana da shekara 47, ya bar shugabancin TOPR ya shiga rundunar Piłsudski ta masu neman 'yancin Foland, cikin sojan doki. Ya kai ga jagorantar runduna ta 11 ta mahaya, ya zama janar a 1924, ya yi babban dogarin shugaban ƙasa Wojciechowski. Da ya yi ritaya sai ya koma ruwa. Foland ta samu ɗan bakin teku bayan 1918, shi kuma ya duƙufa koya wa matasa tuƙin jirgi mai filafilai. Daga 1935, yana da shekara 68, shi ne kyaftin ɗin Zawisza Czarny, jirgin 'yan sikawut, yana yawo da su a tekun Baltik.

A Satumba 1939 Jamus ta shigo ta yamma, Tarayyar Sobiyet ta shigo ta gabas. 'Yan sandan ciki na Sobiyet suka kama shi a birnin Lwów, wanda yau yake cikin Yukren, a 1940. Ya rasu a kurkukun Kherson ranar 8 ga Afrilu 1941, yana da shekara 74, cikin rashin lafiya. Rasha ce ta tsare shi yana saurayi, ita ce kuma ta tsare shi yana tsoho. Sai a 1997 aka kawo abin da aka tono daga maƙabartar Kherson aka binne a tsohuwar maƙabartar Zakopane.

Likita_Maryam:
Kherson. Allah Sarki. Akwai 'yan'uwanmu ɗalibai da yaƙi ya ritsa da su a garin nan.

Sadiq_Kwamfuta:
Tsoho ɗan 74 me zai yi musu da za su kulle shi?

Tsohon_Soja_77:
Janar ne, yarona, kuma mutum ne da matasa ke jin maganarsa. Mai mamaya irin waɗannan yake fara tattarawa.

Mai_Tarihi:
Haka ne, kuma a ɓangaren Jamus ma hakan ta faru da yaran da suka taso a kan abin da su Zaruski suka shuka. Bronisław Czech, ɗan Zakopane, ya wakilci Foland a gasar Olamfik ta hunturu sau uku, 1928 da 1932 da 1936, kuma ɗan TOPR ne. Yana cikin fursunonin farko da aka kai Auschwitz, sansanin fursunoni na Jamusawa, ranar 14 ga Yuni 1940, lambarsa 349, a can ya mutu a 1944. Stanisław Marusarz, wanda ya zo na biyu a duniya a tsallen zamiya a 1938, da ƙanwarsa Helena, sun riƙa tsallaka duwatsun da dare suna kai saƙo da mutane zuwa Hungari. Shi an kama shi ya tsere daga kurkuku a Krakow. Ita aka harbe ta a 1941, tana da shekara 23. Dan Gwammaja, ka tambaya me ya kai su dutse. Ranar da aka rufe duk hanyoyin ƙasar, waɗanda suka san dutse da hunturu su ne suka zama hanya.

Dan_Gwammaja:
Na ji wannan, kuma na yarda ya yi amfani a ranar. Amma saurayin 1910 bai hau don yaƙi ba, bai san za a yi ba. Har yanzu ina ganin jinin dattijon nan akwai kasonsa a wuyan wanda ya je neman suna. Ina da 'ya'ya samari, abin da nake gani ke nan.

UmmuHanifa:
Haba Dan Gwammaja, shi ma fa ɗan wani ne, kuma ya biya da ransa. Samarinmu da ke zuwa wanka a kududdufi da dam duk damina, in ɗaya ya nutse tsayawa za ka yi kana tambayar me ya kai shi?

Dan_Gwammaja:
A'a Anti, shiga zan yi. Amma in na fito da shi zai sha faɗa.

Hajiya_Bilki_Zinder:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne matar da ɗalibinmu ya gani an sauko da ita. Nawa za ta biya?

Dalibi_a_Krakow:
Ko sisi, Hajiya. A ɓangaren Foland ceto kyauta ne, ko da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauko ka. Akwai ma'aikata na dindindin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, akwai kuma 'yan sa-kai masu yawa. In ka tsallaka Sulobakiya kuwa kai za ka biya, shi ya sa ake ce wa kowa ya yi inshora kafin ya haura. Su ma nan suna irin muhawararmu: wasu na cewa a riƙa cajin masu ganganci, masu hawa da takalmin gari ko cikin maye, wasu na cewa in aka sa kuɗi mutane za su ƙi kira sai abu ya ɓaci, aikin ya ƙara haɗari ga masu ceton.

Masunci_Yauri:
Na biyun sun fi gaskiya. Wanda ke tsoron kuɗi sai ruwa ya kai masa wuya yake ihu.

Admin_Zaure:
Jama'a mun yi nisa, daga dutse mun shiga rijiya, mun faɗa yaƙin duniya, yanzu muna inshora. Tambayar ɗalibi tana nan: shugaba ko dattijo?

Malam_Na_Tudu:
Admin, ni a ganina ba a kan kujera ɗaya suke ba, shi ya sa awon ke wuya. Zaruski amanar mutane ce a hannunsa, ba shi da ikon ya yi kyauta da ran wani. Klimek ransa ne shi kaɗai ya ɗauka ya tafi da shi, bai ja kowa ba. Da Zaruski ne ya ce masa hau, da laifi ne. Da kuma Klimek ya ce wa samarin ku biyo ni, da shi ma laifi ne.

Tsohon_Soja_77:
Malam, ransa ba nasa ne shi kaɗai ba. Yana da iyali. Kuma ƙungiya jaririya ta rasa mutumin da ya fi kowa sanin hanya. Wa ya san mutum nawa zai ceto da ya ƙara shekara biyar?

Likita_Maryam:
Ina tare da Baba Soja a kai, amma zuciyata tana wajen Masunci. A asibiti na ga ranar da babba ya ce a daina, ƙaramin likita ya ci gaba da danna ƙirji, mutum ya dawo. Na kuma ga ranar da aka ci gaba awa guda a banza alhali wani yana jira a gado na gaba.

Dalibi_a_Krakow:
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan koma Zakopane. Tsohuwar ta ce ba maƙabarta ɗaya suke ba, Klimek yana sabuwa, Zaruski yana tsohuwa, kuma a kan dutsen kabarin Klimek an rubuta cewa ya sadaukar da kansa ya mutu. Zan je duka biyun, in an yarda a ɗauki hoto zan turo.

BaZazzagiya:
Ƙanena, in ka je ka tambayar mini tsohuwar abu ɗaya. Bayan an binne dattijon, mutanen garin sun ci gaba da gaisawa da Zaruski kamar da? Kawuna wata uku ya yi ba ya zama a majalisar ƙofar masallaci.

Dalibi_a_Krakow:
Zan tambaye ta, Yaya, in sha Allahu.